Sa'a Ɗaya Kafin Zama: Abin da Jagoran Wasan Tebur Zai Shirya da Abin da Zai Bari

A shekarar 1974 wani ƙaramin kamfani mai suna TSR, a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, ya buga kwafi 1,000 na wani wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara, Dungeons & Dragons. Ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali. Yadda ake yin sa ba shi da wuyar faɗa. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa, wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, waccan matsafiya. Mutum ɗaya kuma, jagoran wasa, shi ne duk sauran duniya: shi ne sarki, shi ne mai gadin ƙofa, shi ne dodon cikin kogo, shi ne ruwan saman da ya hana tafiya. Yana faɗin abin da jarumai suke gani, su kuma su faɗi abin da za su yi, in abin yana da haɗari a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Nasu 'ya'yan ludon iri-iri ne, har da mai fuska ashirin. Labarin ba ya ƙarewa a dare ɗaya. Ana ci gaba da shi mako bayan mako, wata da watanni, wasu ma shekaru.

A nan gizo yake saƙar. 'Yan wasa zuwa kawai suke yi, da fensir da takardar jaruminsu. Jagora kuwa ana jira ya zo da duniya a aljihu, alhali da yawa daga cikin masu ɗaukar wannan nauyi a yau ma'aikata ne, iyaye ne, mutanen da sai yara sun yi barci suke samun kansu. Sun taso da imanin cewa zaman sa'a uku yana buƙatar shirin da ya ninka haka, don haka in mako ya yi musu zafi sai su ɗage zama, a sake ɗage na biyu, kafin a ankara wasan ya mutu ba tare da kowa ya ce a daina ba. A ganina wannan imani kuskure ne tun daga tushe. Sa'a ɗaya ta isa shirin zama mai kyau, muddin an kashe ta a kan abin da ya dace: su wa ke cikin rikicin, me kowa yake nema, a ina abin yake faruwa, wane sirri aka binne. Abin da ke cinye wa jagora darare shi ne rubuta yadda labarin zai tafi, kuma wannan ɓangaren tun asali ba huruminsa ba ne.

Dalilin yana cikin ginin wasan kansa. Marubucin littafi yana da iko da jaruminsa, in ya ga dama ya shigar da shi daji sai ya shiga. Jagoran wasa ba shi da wannan ikon, domin jaruman na wasu ne, ga su nan zaune a gabansa. A ɗauka ya kwana uku yana tsara cewa za a sace 'yar mai gari, jarumai su bi sawu zuwa wata tsohuwar hasumiya, su fafata da masu gadi a hawa na farko da na biyu, su tarar da mugun a can ƙoli. Ya zana kowane ɗaki, har jawabin da mugun zai yi ya rubuta. Ranar wasa sai wata daga cikin 'yan wasan ta ɗaga kai ta ce, “Ni fa ban yarda da mai garin nan ba. Mu fara bincika gidansa.” Sauran suka ce haka za a yi. Yanzu jagora ya shiga tsaka mai wuya: ko ya zubar da aikin kwana uku ya kama ƙirƙira a tsaye, ko ya riƙa rufe musu ƙofofi ɗaya bayan ɗaya har su gaji su nufi hasumiyar. Wannan na biyun shi masu wasan suke kira ɗora labari a kan layin dogo, kuma yana cikin ƙorafe-ƙorafen da suka fi daɗewa a bakinsu.

Justin Alexander, wani Ba'amurke mai tsara wasanni da ya daɗe yana rubutu a kan sana'ar jagora, ya warware wannan a wata maƙala ta 2009: a shirya halin da ake ciki, kada a shirya jerin abubuwan da za su faru. Da jagoran namu ya rubuta layi shida kawai, cewa ƙanin mai garin ne ya sa aka yi satar don yana neman sarauta, yana da mutum takwas, biyu daga cikinsu ba a biya su ba suna gunaguni, kuma in babu wanda ya tsoma baki zuwa kwana uku zai aurar da yarinyar ga wani mai dakaru, to duk inda jarumai suka nufa yana da abin faɗa. In sun binciki gidan, za su ga wasiƙar ƙanin. In sun je kasuwa, za su ci karo da ɗan barandan da ba a biya ba yana neman wanda zai sayar wa da labari. Layi shidan nan sun fi aikin kwana ukun farko amfani, don ba su dogara da zaton abin da mutum huɗu masu kai daban-daban za su zaɓa ba.

Wasan farko ma bai san rubuta labari tun kafin zama ba. Gaskiya ne littattafan 1974 sun nemi jagora ya zana hawa da dama na gidan ƙarƙashin ƙasa kafin a fara, aiki ne kuwa ja, amma sau ɗaya ake yin sa a ci moriyarsa watanni. Sauran kuma an bar wa jadawali da ɗan ludo. Ana jefawa a ga ko wani dodo ya ratso, a sake jefawa a ga ko da faɗa ya zo ko da ciniki. Littafin jagora da Gygax ya fitar a 1979 har da rataye na musamman da ke koya yadda za a ƙirƙiro ɗakuna da lunguna a nan take da jifa kawai. A shekarar ce kuma aka buga The Keep on the Borderlands, ɗan littafi mai shafi talatin da 'yan kai, wanda dubban yara suka fara wasan da shi. Abin da ke ciki ganuwa ce guda da mazaunanta, da wani kwazazzabo mai koguna cike da ƙabilun dodanni da ba sa ga maciji da juna. Mutanen ganuwar ko sunaye ba a ba su ba. Babu babi na ɗaya balle na ƙarshe. Sauyin ya yi ƙarfi ne daga 1984, lokacin da jerin Dragonlance ya fito tare da littattafan hikaya na Margaret Weis da Tracy Hickman. Ya samu kasuwa ƙwarai, ya kuma zo da wata ƙa'ida mai tona asiri: in wani babban ɗan labari ya mutu kafin lokacinsa, a sa gawarsa ta ɓace don a iya dawo da shi daga baya. Wasan da sai an kare shi daga 'yan wasansa kafin ya tafi daidai ya riga ya faɗi irin shirin da aka yi masa.

Mutumin da ya mayar da gajeren shiri tsari mai koyuwa shi ne Michael Shea, wanda aka fi sani da Sly Flourish. Ya fitar da The Lazy Dungeon Master a 2012, sannan Return of the Lazy Dungeon Master a 2018, inda ya kasa aikin mataki takwas. Sunan littafin yana tallar lalaci, amma abin da ke ciki tsimi ne. Matakin farko ma bai shafi duniya ba, komawa ne ga jaruman kansu, a tuna sunan kowa da abin da yake bi. Sai buɗewa mai ƙarfi, wato abu guda da jagora ya tabbata zai faru, tunda shi ke fara magana. Maimakon a ɓata rabin sa'a ana tambayar ina aka tsaya, sai ya ce jarumai suna tsakiyar cin abinci a masauki sai ga doki ya shigo tsakar gida da sirdi jina-jina babu mahayi. Nan take kowa ya ajiye waya. Amma zuciyar tsarin tana mataki na huɗu: a rubuta sirri goma, kowanne jimla guda, kuma kada a ƙayyade inda za a gano shi. Limamin haikalin garin ya san wanda ya yi satar. Rijiyar bayan kasuwa tana da hanya zuwa ƙarƙashin hasumiya. Zoben da ke hannun mayaƙin ƙungiyar na dangin mai garin ne. Ko fursuna ne zai furta, ko a bango za a gani a rubuce, ko wata tsohuwa ce za ta yi suɓul da baka, wannan sai a tebur za a sani. Wurare uku ko huɗu, sunayen mutane kaɗan, dodannin da suka dace, da ladan da za a samu, duka suna shiga fuska ɗaya ta takarda.

Wasu masu tsara wasa sun wuce nan, suka gina ƙarancin shirin a cikin dokokin. Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010, ya hana jagora tsara ƙarshen labari ƙarara, ya kuma umarce shi ya riƙa jefa wa 'yan wasa tambayoyi yana gini a kan amsarsu. In jaruma ta shiga wani gari, jagora yana iya tambayar mai ita wa ta taɓa cuta a nan, amsar kuma ta zama maƙiyin daren. Blades in the Dark na John Harper, na 2017, labarin gungun ɓarayi ne a birnin Doskvol, kuma ya kashe doguwar shawarar yadda za a fasa gida: a faɗa ciki kawai, in an ci karo da mai gadi ɗan wasa ya ce ai tun jiya ya ba shi cin hanci, a koma baya a buga wannan ɗan wurin a gani ko ya yiwu. Haɗarin da ke tafe kuwa da'ira ake zanawa a raba ta gida huɗu, shida ko takwas, ana cike gida-gida a gaban kowa. Fiasco na Jason Morningstar, na 2009, ba shi da jagora sam, ba shi kuma da shiri. Waɗannan wasanni sun nuna cewa nauyin da ake zaton na mutum ɗaya ne yana rabuwa, wani ga dokoki, wani ga sauran mazauna teburin.

Akwai masu ja da wannan, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ta cancanci a saurare ta. Suna cewa in sirri yana yawo har sai jagora ya ga inda ya dace ya ajiye shi, to zaɓin 'yan wasa ya zama holoƙo. Sun bi dama sun samu, da sun bi hagu ma da sun samu, me ya rage na wasa? Ashe layin dogon ne dai aka shafa masa fenti. Wannan zargi yana kama wasu jagorori dumu-dumu, musamman mai ajiye dodo guda ya ce ko wace hanya aka bi shi za a tarar. Sai dai akwai bambanci tsakanin gaskiyar duniyar wasan da hanyar da labarinta yake isowa. Cewa ƙanin mai gari ne ya yi satar, wannan an kafe shi tun kafin zama, ba ya canzawa don 'yan wasa sun zargi wani. Abin da aka bari a sake shi ne bakin da zai faɗa. Zaɓinsu yana nan da nauyinsa a inda ya fi muhimmanci: me za su yi da abin da suka sani, wa za su goya wa baya, za su isa kafin kwana ukun su cika ko a'a. In sun ɓata lokaci, auren ya ɗauru, kuma jagora mai gaskiya zai bar shi ya ɗauru. Hatsarin gajeren shiri na ainihi ma mantuwa ce. Wanda ya ƙirƙiro sunan maƙeri a tsaye yau, in bai rubuta ba, mako mai zuwa zai kira shi da wani suna, 'yan wasa kuma ba sa yafe irin wannan. Minti goma na rubutu bayan an tashi, wa aka gani, me aka yi alkawari, wa aka ɓata wa rai, sun fi sa'a guda ta hasashe kafin a zauna.

Ja na biyu ya fito daga masu wasannin bincike, kuma a nan dole a sassauta. Call of Cthulhu, wanda kamfanin Chaosium ya fitar a 1981, ya ginu ne a kan bin diddigin alamu, kuma shahararren labarinsa Masks of Nyarlathotep na 1984 yana yawo da 'yan wasa daga New York zuwa Landan, Alƙahira, Kenya da Shanghai, da wasiƙu da yankan jaridu da dole su dace da juna. Ba a jan irin wannan da shirin sa'a ɗaya, duk wanda ya ce ana yi bai gwada ba. Akwai dabarun rage wahalar. Alexander ya ba da shawara tun 2008 cewa duk abin da ake so 'yan wasa su gane a tanadar masa alamu uku, don za su tsallake ɗaya su yi wa ta biyu mummunar fahimta. Robin Laws kuma, a tsarinsa na GUMSHOE na 2006, ya cire jifa daga samun muhimmiyar alama, in ka je wurin da ƙwarewar da ta dace ka samu kawai. Duk da haka maganar ita ce mai ƙaramin lokaci ya zaɓi irin wasan da lokacinsa zai ɗauka. Yawon neman dukiya a bakin iyaka yana jure gajeren shiri, tonon asirin kisan kai mai masu laifi bakwai ba ya jurewa.

Ja na uku shi ya fi damuna. Ana cewa gajeren shirin ƙwararre ne kawai yake iya shi, don abin da bai rubuta a takarda ba yana cikin kansa. Haka ne. Kakar da ke yi wa jikoki tatsuniya ba ta yin shiri da rana, amma ta shekara hamsin tana jin halin Gizo da Ƙoƙi, ta san abin da Gizo zai yi in ya ga tukunyar wani a kan wuta. Sabon jagora ba shi da wannan rumbun, kuma faɗa masa ya saki jiki kawai zalunci ne. To amma ina mafita? Yawanci ana tura shi ya sayi shiryayyen labari, ana zaton an rage masa aiki. Curse of Strahd na 2016 shafi 256 ne, kuma sai ka san ƙarshensa kafin ka iya jan farkonsa da kyau. Wannan karatun jarrabawa ne. Lost Mine of Phandelver, wanda ya zo cikin kwalin masu farawa a 2014, shafi 64 ne, ya fi kusa da abin da sabo zai iya riƙewa. Ƙasa da shi ma akwai: tun 2009 ake gasar tsara labari cikakke a shafi ɗaya tak, da taswira da mazauna da tarkuna. Sabo ya fara da irin waɗannan, ya ajiye jerin sunaye ashirin a gefe don ranar da za a tambaye shi sunan mai sayar da doki. Rumbun yana cika ne da yawan zama a tebur, kuma wanda ke jiran sai ya gama shiri kafin ya kira mutane zamansa kaɗan ne.

Wani abin da ya ƙara ɗaga wa jagorori hankali shi ne kallo. A 2015 shirin Critical Role ya fara nuna Matthew Mercer yana jan wasa a intanet, da muryoyi kala-kala da ƙananan gine-gine da aka ƙera don faɗa guda. Abin sha'awa ne, sai dai shi da abokansa ƙwararrun masu aron murya ne a finafinai da wasannin bidiyo, shirin kuma ya zama kamfani mai ma'aikata. Ma'aikacin asibitin da ya dawo gida da dare ba shi da dalilin auna kansa da wannan ma'auni. Manhajojin wasa daga nesa irin su Roll20, da ta fara a 2012, sun haɗa abokan da gari ya raba, amma sun zo da nasu cin lokacin: neman taswira mai kyau, jera hotunan dodanni, saita haske da inuwa. Sa'a biyu tana tafiya a kan ɗakin da 'yan wasa za su leƙa su wuce. Akwai kuma waɗanda shirin kansa ne abin sonsu. M. A. R. Barker, malamin harsuna, ya ƙirƙiri duniyar Tékumel har da yarukanta, aka buga wasanta a 1975. Ed Greenwood tun yana yaro yake rubuta Forgotten Realms kafin TSR ta fitar da ita a 1987. Babu mai cewa su daina. Sha'awa ce mai zaman kanta, kusa da rubutun hikaya, kuma laifin kawai shi ne a mayar da ita kuɗin shiga ga duk mai son jan wasa.

Dabarar da ta fi kowace rage aiki ba ta buƙatar sayen komai. A 2007 Ben Robbins ya bayyana wani tsari da ya gudanar mai suna West Marches, inda ya juya al'adar gaba ɗaya. Babu ranar wasa tsayayya, babu ƙungiya tsayayya. 'Yan wasa, waɗanda sun haura goma, su ne za su haɗa kansu, su tsayar da rana, su kuma sanar da jagora tun da wuri inda suke son zuwa a taswira. Shi kuma ya shirya wannan wurin kaɗai. Kevin Crawford, mai Stars Without Number na 2010, yana ba da shawara mai kama da haka ga ƙungiya ta yau da kullum: kafin a watse a tambayi 'yan wasa abin da suka ƙudura yi a zama na gaba, a riƙe su a kan maganarsu. In sun ce gidan mai gari za su bincika, jagora ya san hasumiyar za ta iya jira, sa'arsa guda ta makon kuma ta tafi a kan gida ɗaya, da barorinsa uku, da akwatin da wasiƙar take ciki.